Awon La'asar

Ni na fara jefa masa ganyen. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don in na bari labari ya yi nisa zan sami inda zan laɓe, kuma ni gwanin laɓewa ne.

Sunana Radman. Walda nake yi a nan garin Ta'iz, ƙofofi da tagogin ƙarfe. Yayana Hizam ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya yi ta dukana a kan karatu har ya gaji ya kai ni wurin mai walda. Shekara talatin yana koyar da tarihi a makarantar unguwa, shi ya sa kowa Ustaz yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci.

A ɗakin saman gidana muke zaman kat, ganyen nan da ake taunawa a tara a kunci don ya wartsake mutum. Kullum in an yi azahar an ci salta, farfesunmu na rana, sai ka ji takalma a matakala, kowa da ƙunshin ganyensa a hammata. Mu takwas ne, ranar Alhamis mukan kai goma sha biyu. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa iskar ɗakin ce take jawo su, da tagogin da na ƙera da hannuna masu kallon dutsen Sabir. Ƙarya ne. Hizam suke zuwa ji. Kafin ganye mutum ne mai nauyin baki, gaisuwa ma sai ka ciro ta da ƙyar. Amma da kuncinsa na hagu ya fara tasowa, sai ya gyara zama, ya dasa gwiwar hannu a matashi, ya ɗauko maka sarakunan da suka mutu shekara ɗari bakwai kamar jiya suka rabu da shi a kasuwa. Ya wanke gwamnati tas, ya juyo ya wanke Mukbil direban tasi, ya kashe gardama, ya tayar da wata. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina zuba wa mutane ruwan sanyi, kaina yana kumbura, wai a ɗakina ake wannan.

Sai ciwon kai ya fara damunsa a ƙeya. 'Yarsa Arwa, wadda take aikin jinya a birnin Adan, ta zo hutu ta tasa shi gaba har wurin likita. Hawan jini ne. Likita ya rubuta ƙwaya biyu kowace safiya, ya ce a rage gishiri, a rage gahawa, kat kuwa a bar shi ɗungurungum. Ya ce ganyen yana sa zuciya gudu, yana ɗaga jini na tsawon sa'o'i, in kuma an bi shi da gahawa to an haɗa masa biyu.

Kuma mutumin nan ya bari. Da gaske ya bari, sati uku cur. Yakan zo dai, ya zauna a wurinsa na ƙuryar taga, kunci a lotse, carbi a hannu, yana kallonmu muna tauna. In an tambaye shi abu ya ce “haka ne” ko “Allah ne masani”. Mutane suka fara tashi da wuri. Alhamis ta uku mu biyar ne kacal a ɗakin.

Mukbil ya dube ni ya ce, “Radman, wannan zaman makokin wa muke yi? Gaya mana mu yi masa addu'a mu watse.”

Raina ya ɓaci, don ina da saurin fushi, kuma ba na son a taɓa ɗakina. A daidai lokacin hannuna ya faɗa a kan wani toho a ƙunshina, ja-ja, mai laushi, irin wanda ba ka samun fiye da uku a ƙunshi guda. Irin wannan ba ka cinye shi kai kaɗai. Karkaɗe shi kake yi ka jefa wa wanda kake ji da shi a ɗakin, shi kuma ba ya mayarwa, don mayarwa zagi ne. Na karkaɗe shi a gwiwata, na jefa. Ya sauka a cinyar Hizam.

Ya dubi ganyen, ya dube ni. “Radman, ka san an hana ni.”

“Wa ya ce ka ci, Yaya? Riƙe kawai, ka ji ƙamshi.”

“Mayar masa, Ustaz,” in ji Mukbil yana dariya. “Mayar masa mu ga ranar da aka mayar wa mutum toho a ɗakinsa, gaban baƙinsa.”

Bai mayar ba. Ba zai taɓa kunyata ni a gaban mutane ba, kuma na san haka kafin in jefa. Kafin la'asar ta yi sanyi yana ba mu labarin wani sarki da ya gina masallaci don ya huce haushin matarsa, Mukbil yana dariya har da ƙwarewa. Alhamis ta gaba muka koma goma sha biyu.

Da Arwa ta dawo bayan wata ɗaya, ba ta yi faɗa ba. Yarinyar tana da hankali, ta san ba a cin mazan garin nan da faɗa. Shagona ta zo da safe, ta tsallake ƙarafa, ta ajiye wata 'yar jaka a kan bencina. Na'urar awon jini ce, irin mai batir, da takarda da ta raba gida biyu da biro. Ta rubuta “safe” a ɗaya, “la'asar” a ɗaya.

“Baffa, Baba ya ce mini kaɗan yake ci, wai ba ya yi masa komai. To, bari na'ura ta raba mu. In ta nuna ba ya yi masa komai, na yi shiru.”

“Ki ba shi mana, ai ya fi ni karatu.”

“Baba zai yi mini ƙarya don kada in damu. Kai ba za ka yi ba.” Ta ɗora yatsa a gida na biyu. “Wannan nake so, Baffa. Ƙarfe huɗu, ganyen yana bakinsa. Da safe kowa lafiyayye ne.”

Na buga ƙirji na ce ta bar komai a hannuna.

Ran farko na yi yadda ta ce. Ƙarfe huɗu na ɗauko na'ura a gaban jama'a, na naɗa wa Hizam a dantse, na danna. Ɗaki ya yi tsit ana jin ta tana gurnani. Ɗari da casa'in a sama, ɗari da goma a ƙasa. Bugun zuciya ɗari da sha biyu. Da safen ranar nan, a shagona, ɗari da talatin da biyar ta nuna, zuciya saba'in da huɗu.

Mukbil ya leƙo ya karanta da ƙarfi. “La ilaha illallah! Ustaz ya fi motata gudu, kuma yana zaune!”

Aka fashe da dariya. Kowa ya miƙo hannu wai a gwada shi, aka mai da abin wasa, har da gasar wa ya fi. Babu wanda ya fito da lamba mai kyau, sai hakan ya kwantar wa kowa da hankali. Hizam dai bai yi dariya ba. Ya ɓalle abin daga hannunsa ya tura mini. Da aka tashi ya tsayar da ni a matakala.

“Kada ka ƙara fito da abin nan cikin mutane. Ni ba majinyaci ba ne.” Ya sauka taki biyu, ya waiwayo. “Kuma kada ka tayar wa yarinya da hankali.”

Ga wurin laɓewar da na ce muku. Yayana ne ya ce, kuma ba a ƙetare maganar yaya. Na daɗe a bayan wannan maganar. Amma ba shi ne ya riƙe biro ba. Na dubi gidan la'asar a takardar, na tuna satin nan uku da ɗakina ya mutu, na rubuta ɗari da arba'in.

Daga nan abin ya zama sauƙi. Kowace safiya Hizam yakan biyo ta shagona in ya sayo burodi. In auna shi ƙarfe takwas, in rubuta a gidan safe. Mu ɗan taɓa hira, in sake auna shi, in ƙara biyar ko bakwai don abin ya yi kama da gaske, in rubuta a gidan la'asar. Na ce wa kaina jini ai jini ne, na safe da na yamma duk a jiki ɗaya suke. Duk Juma'a Arwa ta bugo waya in karanto mata, ta ce, “Allah ya saka da alheri, Baffa, ka cire mini ƙaya.” Ni kuma in ce ba komai, ai 'yata ce.

Bayan wata biyu Hizam ya fara kukan jiri in ya miƙe da safe. Arwa ta kwashi lambobina ta kai wa wani likita da suke aiki tare. Ya duba, ya ce jinin mutumin nan ya zauna safe da yamma, ƙwaya biyu ta yi masa yawa, a koma ɗaya. Ita da kanta ta gaya mini a waya, muryarta cike da murna. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina cewa, “Alhamdu lillahi.”

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, kuma ranar sulhu. Mukbil da maƙwabcinsa Galib sun yi wata uku ba sa gaisawa a kan tankin ruwa da yake yoyo a bangon Galib, har matansu sun shiga. Aka ce a kawo su gaban Ustaz. Na tashi tun hantsi na tare matan dutsen Sabir masu kawo ganye a bakin kasuwa, na zaɓo ganyen da ban taɓa sayen irinsa ba, don ina so a yi ta labarin zaman nan. Galib kuma, don ya nuna shi ba matsiyaci ba ne, ya zo da kwali guda na lemon gwangwanin nan da samari suke sha don kada su yi barci. Hizam ya sha ɗaya, ya ce daɗinsa kamar maganin tari, ya ƙara ɗaya.

Ya yi magana ranar kamar bai taɓa yi ba. Ya ba Galib gaskiya har Mukbil ya kumbura, sannan ya juya ya ba Mukbil gaskiya har Galib ya fara neman takalmi, sannan ya sa su duka biyu dariya. Toho yana ta sauka a cinyarsa daga kowane ɓangare, nawa ya fi na kowa yawa. Wajen ƙarfe huɗu da rabi ya yafito ni da hannu. Goshinsa ya jiƙe.

“Radman, zuciyata a kunne nake jin ta. Kaina kamar an ɗaure da igiya.”

Na'urar tana ƙasa, a aljihun teburin ɗakina inda nake ajiye ta in na taso daga shago, taki ashirin daga inda nake. Na tuna da ita. Amma sulhu ya zo gangara, saura a karanta fatiha, kuma Hizam ya hana ni fito da ita cikin mutane. Na ce gajiya ce, Yaya, bari in kawo abin da zai warware ka. Na sauka na sa matata ta dafa gahawa mai kauri da citta, yadda mahaifiyarmu take yi wa duk wanda ya ce jikinsa ba daɗi. Na kawo masa da hannuna, na tsaya a kansa har ya shanye.

Aka yi fatiha, Mukbil da Galib suka sumbaci kan juna. Hizam ya fara wani labari, sai maganar ta riƙa fitowa a dame. Aka yi dariya.

“Ustaz, rage kaya a motar nan,” in ji Mukbil. “Ka cika kunci har harshe ya rasa wurin juyawa.”

Wa zai ga laifinmu, kuma wa zai wanke mu? Mutum goma sha biyu a ɗaki, kowa fuskarsa a karkace, kowa kuncinsa ɗaya a kumbure, kowa maganarsa a cushe. Bakin da ya zame a cikinmu ba ya nuna kansa. Da ya yi shiru ya jingina da bango, muka ce ya shiga sa'ar Sulaiman, shirun nan da yake sauko wa mai kat in rana ta sunkuya, kowa ya tafi cikin tunaninsa, ba mai taɓa wani. Muka yi shiru tare da shi, cikin ladabi. Ina kallon dutse yana canza launi, ina jin daɗin yadda zamana ya yi kyau.

Sai da aka kira magariba, kowa ya miƙe yana karkaɗe zani, shi bai miƙe ba. Na matsa kusa. Koren ruwa yana bin gefen bakinsa har kan farar rigarsa, Hizam da ko ɗigon shayi ba ya bari a riga. Hannunsa na dama yana yashe a kan tabarma. Idonsa a buɗe, yana kaina. Ban san tun yaushe yake kallona ba.

A motar Mukbil muka kai shi. Likitan da ya karɓe mu ya sa yatsa ya kwashe ganyen daga bakinsa, ya tambaye ni tun ƙarfe nawa maganarsa ta canza. Na ce wajen biyar saura. Ya dubi agogon bango, ya dube ni, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Na gwammace ya zage ni.

Hizam ya rayu. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Abin da ya rage masa “to” ne da “Allah”, sai wani sauti da matarsa kaɗai take ganewa.

Arwa ta iso washegari da hantsi. Kwana tara tana kansa, tana juya shi, tana ba shi abinci da cokali, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ni ina zirga-zirga da kwanukan abinci da 'ya'yan itace, ina yi wa ma'aikata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, don in ina tsawa ba na tunani. Ran na goma, bayan an sallamo shi, na same ta a tsakar gidansu da rana tana zaune a kan matakala. Takardun awon nan da ta karɓa a wurina suna kan cinyarta, duk rubutun hannuna.

“Baffa, na rubuta musu na ajiye aiki.”

“Wane irin ajiye aiki? Kin haukace?”

“Ni na sa aka rage masa magani.” Ta shafa takardar da tafin hannu. “Na duba lambobin nan ya fi sau ɗari. Babu inda suka nuna. Ke nan akwai abin da ya kamata in gani ban gani ba. Wadda ta kasa ganin na ubanta, uban wa za a ba ta?”

Da ta zarge ni da na ji sauƙi, da na yi fushi na kare kaina, don na iya wannan. Amma ko a mafarki ba ta kawo ni a ranta ba. Na tsaya ina kallon kan yarinyar da na ɗauka a kafaɗa zuwa kallon bikin Sallah, tana ɗauke da kayan da ni na ɗaure. Na ga cewa in na yi shiru yau ma, shi ke nan, ta ɗauka har ta mutu, kuma kowa zai ci gaba da cewa Radman ƙanin kirki ne.

Na zauna a ƙasa, a gabanta, ba a kan matakala ba.

“Gidan la'asar ɗin nan, Arwa. Sau ɗaya na auna shi da la'asar.”

Ta ɗago.

“Ran farko. Ɗari da casa'in ne, a kan ɗari da goma. Ban rubuta ba. Sauran duk na safe ne, ina ƙara biyar.”

Na gaya mata sauran. Tohon da na jefa, da gahawar, da taki ashirin ɗin da ban yi ba. Ban ambaci abin da ubanta ya ce mini a matakala ba. Ba ya iya kare kansa yanzu, kuma na riga na ci moriyar maganar nan fiye da ƙima.

Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallon takardar, tana bin gidan la'asar da yatsa daga sama har ƙasa, layi sittin da wani abu.

“Kowace Juma'a ina yi maka godiya,” ta ce.

“Kina yi.”

“Don me, Baffa?”

Na nemi amsa mai nauyi, irin wadda za ta yi daidai da abin da ya faru, ban samu ba. Na ce, “Don mutane su riƙa zuwa ɗakina.”

Ta naɗe takardun, ta miƙe, ta shige ciki. Ban bi ta ba.

Bayan sati biyu ta koma Adan, ta koma bakin aikinta. Wannan kaɗai na samu, kuma ban raina shi ba. Ba ta yi mini sallama ba, amma ta bar na'urar da ta karɓa tare da takardun a wurin mahaifiyarta, ta ce a ba ni, don babu wani namiji a kusa da zai iya ɗaga Hizam.

Ɗakin sama yana rufe yanzu. Mukbil ya mayar da zaman gidan Galib, in mun haɗu a hanya sai ya yi ta duba tayar motarsa. Ni kuma kullum in an yi azahar nakan rufe shago in tafi gidan Hizam, in zaunar da shi a jikin matashi, kusa da taga. In yi ta ba shi labaran da na ji daga bakinsa, ina kwaɓa sunayen sarakuna, shi kuma yana buga tabarma da hannun hagu in na yi kuskure. Ban sani ba ko ya yafe mini. Wani lokaci yakan kalle ni irin kallon ranar nan, sai in tashi in ce zan ɗebo ruwa.

Ƙarfe huɗu in naɗa masa na'ura a dantse. Ƙarfe huɗu da minti biyar waya ta yi ƙara. Ba Juma'a kaɗai ba yanzu, kullum ne. Ba ta tambayar lafiyata, ba ta tambayar iyalina. In karanto mata na sama, da na ƙasa, da bugun zuciya. Sai in ji biro yana tafiya a kan takarda.

Sannan ta ce, “Ƙarfe nawa ne a agogonka, Baffa?”

In duba, in gaya mata.

“To. Ba Mama wayar ta duba nata.”